Daga Gangaren Yargoje Zuwa Fadamar Rima: Ambaliyar Koguna da Hanyoyin Rigakafinta a Ƙasashe Masu Ƙaramin Ƙarfi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ambaliyar koguna ke samuwa, da irin ɓarnar da take yi wa al'ummomin da tattalin arzikinsu bai taka kara ya karya ba, da kuma hanyoyin da ake bi a rage ta. An ɗauki yankin Yargoje da ke Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, tare da maƙwabtansa na Faskari da Sabuwa, a matsayin mafarin nazari, saboda suna cikin tuddan kudancin Katsina inda manyan rassan Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato ke tasowa. An bi sawun ruwan daga nan har fadamun Sakkwato da Kabi, aka kuma waiwayi abin da ya faru a Maraɗi (1945), Goronyo (2010) da Jibiya (2018). Maƙalar ta nuna cewa girman ambaliyar da ake gani a ƙasan gulbi ya danganta da halin da ƙasa take ciki a samansa, kuma rigakafin da ya fi sauƙin kuɗi shi ne riƙe ruwa tun a gona, da kauce wa hanyarsa wajen gini, da isar da gargaɗi cikin harshen da jama'a ke ji.

Fitilun kalmomi: ambaliya, cikowa, fadama, Gulbin Rima, rigakafi

1.0 Gabatarwa

A daren Lahadi 15 ga Yuli 2018, wayewar Litinin, an tafka ruwan sama a garin Jibiya da kewayensa. Kafin gari ya waye ruwa ya ci rayukan mutum fiye da 40, ya rusa gidaje sama da 500, ya tafi da dabbobi masu yawa. Wasu daga cikin gawarwakin sai a yankin Madarunfa na Jamhuriyar Nijar aka tsinto su, domin can gulbin yake nufa. Wannan abin alhini ya tuna wa mutane abin da aka daɗe da sani, wato ruwa bai san iyakar ƙasa ko ta jiha ba, gangare kawai yake bi.

A duk lokacin da irin wannan ya auku, hankalin jama'a da na hukuma yakan koma ga wurin da ruwan ya yi ɓarna. A kai buhunan hatsi da tabarmi da barguna, a yi jaje, a watse. Ba safai ake tambayar inda ruwan ya fito ba, da abin da ya sa ya iso da irin wannan gaggawa. Manufar wannan maƙala ita ce amsa wannan tambaya, ta hanyar komawa tushen gulbi. Don haka aka fara daga Yargoje, ƙauyen noma da ke kan tudu, wanda ba kasafai sunansa ke fitowa a labarin ambaliya ba, amma ruwan da ya sauka a gonakinsa yana cikin wanda ke cika gulabe a Zamfara da Sakkwato.

2.0 Abin da Harshe ya Adana Game da Ruwa da Ƙasa

Ya dace mai nazarin Hausa ya fara da kalmomin da Bahaushe ya tanada, domin a cikinsu akwai ilimin muhalli mai yawa. Dangane da ruwa mai gudu, akwai korama, wadda kan kawo ruwa bayan an yi sama ta kuma ɗauke, da rafi, da kogi ko gulbi. Ruwa na kwance kuma akwai tafki, da kududdufi, wanda galibi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne a cikin gari. Ta fuskar ƙasa, Bahaushe ya bambanta tudu da kwari, jigawa mai rairayi da fadama mai laka, sannan ga faƙo, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ba ya ratsa ta.

Bambancin da ya fi muhimmanci a nan shi ne na cikowa da ambaliya. Cikowa ita ce tasowar gulbi da ake sa rai kowace damina, inda ruwa ke malala cikin fadama ya bar taki, ya cika tafkuna da kifi, ya shayar da shinkafa, ya bar danshin da za a yi noman rani da shi. Manomin Wurno ko masuncin Argungu ba ya ƙin cikowa, hasali ma shekarar da ba ta zo ba ita ce shekarar kuka. Ambaliya kuwa ita ce ruwan da ya wuce iyakar da aka san shi da ita, ko ya zo a lokacin da ba a shirya masa ba, ko ya tarar da mutane sun zauna a kan hanyarsa. Duk shirin rigakafin da bai raba waɗannan biyu ba yakan kashe cikowa da sunan yaƙi da ambaliya, kamar yadda za a gani a sashe na 6.0.

Sunayen wurare ma suna ɗauke da gargaɗi. Daga cikin unguwannin da ruwan Jibiya ya shafa akwai Unguwar Mai Kwari, wadda sunanta kaɗai ya isa bayani. Sai dai a cikinsu akwai Ɗan Tudu ma, abin da ke nuna cewa ruwan wannan zamani ya fara kaiwa inda magabata suka ɗauka tudun mun tsira ne.

3.0 Yanayin Ƙasar da Hanyar Ruwanta

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu da kudu maso yammacin Jihar Katsina, a kan tsohon dutse mai tauri wanda ƙasar noma ta lulluɓe sama-sama. Shi ya sa matafiyi ke ganin duwatsu da falale sun ɓullo nan da can. A ɓangaren Funtuwa ruwan shekara yakan kai kusan milimita 1,000, ya ɗara na birnin Katsina da Jibiya nesa, kuma mafi yawansa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba, da tsakiyar marka a watan Agusta. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken suya, tana cikin rumbunan da ke ciyar da Arewa.

Daga wannan tudu ruwa ke rabuwa. Gulbin Sakkwato yana tasowa ne kusa da Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya shiga madatsar Bakalori. Gagare yana bi ta Ƙauran Namoda. Karaduwa, wanda aka tare da madatsar Zobe kusa da Dutsinma a 1983, yana zuba cikin Bunsuru. Gada kuwa, wanda ke wucewa ta Jibiya, yana tsallakawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Nijeriya. Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi su ne ke haɗuwa a gabashin Jihar Sakkwato su zama Rima, wanda ke cika madatsar Goronyo, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin, su gangara ta Argungu da Birnin Kabi zuwa Kwara. Ke nan mutumin Yargoje da na Jibiya da na Maraɗi da na Goronyo duk a ƙwarya ɗaya suke, ko da kuwa ba su san juna ba.

4.0 Yadda Ruwan Sama ke Zama Ambaliya

Idan ruwa ya sauka, kashi uku yake rabuwa: wani ƙasa ta shanye, wani ya koma sama da zafin rana da numfashin tsirrai, wani ya gudana a doron ƙasa. Kashi na ukun shi ne ke haifar da ambaliya. Ɗan lissafi zai fayyace batun. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya daidai take da lita 10,000. Ruwan dare ɗaya mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, yana zuba lita 500,000 a kowace hekta, wato cikin duro 2,500 masu cin lita 200. A misali, in gona mai itatuwa da ciyawa da kunyoyin da suka gitta gangare ta saki kashi 10 cikin ɗari, duro 250 ne zai tafi korama. In ta koma faƙo ta saki kashi 40, duro 1,000 ne. A faɗin hekta 10,000, bambancin ya kai lita biliyan ɗaya da rabi a dare guda, alhali ruwan da ya sauka bai ƙaru da ko ɗigo ba.

Masana ilimin ruwa sun lura da wannan a ƙasashen Sahel tun bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ruwan sama ya ragu ƙwarai a lokacin, amma ruwan da wasu koguna ke ɗauka ya ƙaru, saboda tsirrai sun mutu, ƙasa ta daskare, ba ta iya sha. Abubuwan da ke jawo haka sananni ne a karkararmu: sare daji don itacen girki da gawayi, nome gangaren duwatsu da bakin korama, cinye burtali da makiyaya, da barin saura da aka daina yi saboda ƙarancin fili.

Ruwan da ke gudu a faƙo ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana kwasar ƙasar sama mai taki, ya yanka kwazazzabai, ya jibge yashi a cikin gulbi da madatsa. Gulbin da yashi ya cike cikinsa ba ya iya ɗaukar ruwan da ya saba ɗauka, sai ya fasa gefe. Masu ɗibar yashi da tifa a gindin gada da gaɓar kogi su ma suna raunana gaɓar.

A kan wannan sai ga sauyin yanayi. Duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana ba iska damar riƙe ƙarin danshi da ya kai kimanin kashi 7 cikin ɗari. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ma'ana, ruwan da a da yakan rarrabu cikin mako, yanzu yana iya sauka cikin sa'o'i kaɗan, a kan ƙasar da ƙarfin shanta ya riga ya ragu.

5.0 Illolin Ambaliya ga Marasa Ƙarfi

Alƙaluman ƙasa sun nuna girman matsalar. Ambaliyar 2012 a Nijeriya ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, an kuma ƙiyasta asararta a kan naira tiriliyan 2.6. Ta 2022 ta kashe fiye da 600, ta raba kimanin miliyan 1.4 da muhallinsu. A Nijar, daminar 2024 ta ci rayuka fiye da 300, ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina a ƙarni na 19, ya rushe. A wajen Afirka ta Yamma, ambaliyar Mozambik ta 2000 ta kashe kimanin mutum 700, ta Pakistan a 2022 kuma ta kashe fiye da 1,700, ta shafi mutum miliyan 33.

Amma alƙaluma ba sa nuna dalilin da ya sa ruwa iri ɗaya ya fi cutar da talaka. Dalili na farko shi ne inda dukiyarsa take. Arzikin manomin karkara yana tsaye a gona, ko yana cikin rumbu, ko yana ɗaure a turke, kuma duka ukun ruwa na iya tafiya da su a dare ɗaya, babu inshora, babu ajiyar banki. Na biyu shi ne lokacin. Ambaliya tana zuwa ne a Agusta da Satumba, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, an riga an kashe kuɗin taki da na ƙwadago, sau da yawa da bashi, kuma damina ta yi nisa da za a sake shuka. Na uku shi ne gini. Katangar ƙasa tana jure ruwan da ke dukanta daga sama matuƙar ana yaɓe da gyaran indararo, amma in ruwa ya kwanta a gindinta kwana ɗaya ko biyu sai ta jiƙe ta zube, galibi cikin dare a kan masu barci.

Bayan ruwa ya janye kuma wata wahalar ke farawa. Masai ya haɗu da rijiya, amai da gudawa ya ɓarke, sauro ya yawaita a kwatami. Makarantun firamare su koma sansanin waɗanda suka rasa matsuguni, karatu ya tsaya. Kwalbati ɗaya in ta karye, ƙauye ya yanke daga kasuwa da asibiti, mai naƙuda ta rasa hanyar fita. Magidanci ya sayar da ragowar dabbobinsa da araha don ya sake gini, matasa su tafi ci-rani tun kafin kaka. Ta haka ambaliyar shekara ɗaya ke zama talaucin shekaru.

6.0 Madatsun Ruwa: Amfaninsu da Iyakarsu

Tun daga shekarun 1970, lokacin da aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da ta Sakkwato da Rima, babbar amsar gwamnati ga matsalar ruwa ita ce gina madatsa. An yi Tiga a 1974, Bakalori a 1978, Goronyo mai cin mita kubik miliyan 942 a shekarun 1980, sai ta Jibiya, sannan ta Challawa a farkon shekarun 1990. Babu musun amfaninsu wajen ruwan sha da noman rani, kuma madatsar da ke da sarari a cikinta tana iya rage kaifin ruwan da ya taho.

Sai dai tarihi ya nuna iyakarsu ta fuska uku. Ta farko, madatsa na iya kashe cikowa. Bayan gina Bakalori, manoman fadamar da ke ƙasa da ita sun ga raguwar shinkafa da kifi, ban da rikicin ƙwace gonaki da ya kai ga zubar da jini a 1980. A dausayin Haɗejiya da Nguru, sauyin tafiyar ruwa bayan Tiga da Challawa ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, har ya zama wasu garuruwa na nutsewa, wasu kuma na rasa ruwa.

Ta biyu, an gina madatsun ne don tara ruwa, saboda haka mai kula da su yakan so ya ga sun cika kafin damina ta ƙare. In babban ruwa ya zo a ƙarshen Agusta ya tarar da su maƙil, dole a saki, ko su fashe. A watan Satumba 2010 ruwan Rima ya fi ƙarfin Goronyo, ya mamaye garuruwa da gonaki a Goronyo da Wurno da Kware da wasu wurare, ya kuma yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a ranin 2018, madatsar nan ta ƙafe har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na cikinta, watanni kaɗan kafin ruwa ya ci Jibiya. Ƙamfa da ambaliya a ƙwarya ɗaya cikin shekara ɗaya alama ce ta ƙasar da ta daina riƙe ruwa.

Ta uku, madatsa tana tsufa, kuma kuɗin gyara ba shi da farin jini kamar na sabon aiki. Bagauda ta fashe a watan Agusta 1988. Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024 ta nutsar da babban ɓangaren Maiduguri, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. Ga ƙasar da kasafinta bai da yawa, madatsar da ba a kula da ita haɗari ce da aka rataye a kan mutanen da ke ƙasa da ita.

7.0 Hanyoyin Rigakafi Masu Sauƙin Kuɗi

7.1 Riƙe Ruwa Tun a Gona

In lissafin sashe na 4.0 ya tabbata, to wurin da ya fi arha a tare ambaliya shi ne inda ɗigon ya faɗi. Dabarun ba baƙi ba ne: yin huɗa a gicciye da gangare, jera duwatsu a kan layi, dasa gamba ko jema a iyakar gona da bakin korama, toshe ƙananan kwazazzabai tun suna jarirai, da barin karan hatsi ya rufe ƙasa. A Jihar Tawa ta Nijar, aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya ya farfaɗo da faƙo mai yawa da irin waɗannan hanyoyi, kuma tassa da ramukan rabin wata sun bazu a yankin.

Misali mafi kusa shi ne sassaben zamani, wanda ya samo asali a Jihar Maraɗi a farkon shekarun 1980, inda ma'aikacin gona Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bar su su girma. Da wannan dabara, wadda ba ta buƙatar komai sai adda da haƙuri, an ƙiyasta cewa gawo da kalgo da sabara da sauransu sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Manomi ya samu itace da harawa da taki, gulbi kuma ya samu sauƙi. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, an tsara shi ne a kan kula da ƙwaryar kogi gaba ɗaya, kuma za a auna nasararsa da abin da ya canza a gonaki irin na Ƙanƙara da Faskari.

7.2 Kauce wa Hanyar Ruwa

Tsohon garin Maraɗi, wanda sarakunan Katsina na Haɓe suka zauna bayan jihadi, yana cikin kwarin gulbi ne. A 1945 ruwa ya cinye shi, aka tayar da garin zuwa kan tudun da yake a yau. Mataki ne mai zafi, amma ya raba tsakiyar garin da gulbin har yanzu. Darasin shi ne, hana gini a hanyar ruwa ya fi tayar da mutane sauƙi. A garuruwanmu kuwa akasin haka ake yi: ana cike kududdufai a yanka filaye, alhali su ne ke karɓar ruwan unguwa, ana kuma sayar wa mai ƙaramin ƙarfi fili a kwari saboda nan ne kuɗinsa ya kai. Mai unguwa da dagaci, waɗanda ke sa hannu a cinikin fili, sun fi kowa sanin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Inda tashi bai yiwu ba, ɗaga harsashin gini da dutse ko bulo zuwa gwiwa, da ɗora rumbu a kan duwatsu masu tsayi, da yashe magudanai da aikin gayya kafin ruwan farko, suna rage asara ƙwarai.

7.3 Gargaɗi da Harshen Jama'a

Bahaushe ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A Nijeriya hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin takardar da aka ƙaddamar a Abuja da kunnen matar da ke kwana a ɗakin ƙasa a bakin korama. A ce wa mutum ƙaramar hukumarsa tana cikin haɗari a tsakanin Yuli da Satumba bai gaya masa daren da zai kwashe 'ya'yansa ba, bai kuma gaya masa inda zai nufa ba.

Bangaladash, wadda ta kafa cibiyar hasashen ambaliya tun 1972, ta nuna abin da ƙasa matalauciya za ta iya. A Yuli 2020, da ma'aunai suka nuna kogin Jamuna zai yi ambaliya, an tura wa dubban iyalai kuɗi ta wayar hannu kwanaki kafin ruwan ya kai ƙarshen tashinsa, suka kwashe dabbobi da abinci da kansu. A ƙwaryar Rima, ruwan da ya sauka a tuddan Katsina yana ɗaukar lokaci kafin ya isa fadamun Sakkwato, kuma wannan tazara ita ce jarin gargaɗi. Sanda mai alamar launi a gindin gada, da mutum ɗaya amintacce mai waya a kowane gari na bakin gulbi, da sarkin ruwa da masunta da suka san halin gulbin, da lasifikar masallaci da gidan rediyo, sun isa su kafa sarƙar da za ta ceci rayuka.

A nan ne aikin masana Hausa ya shigo kai tsaye. Ana buƙatar daidaitattun kalmomi na matakan haɗari, waɗanda Bakatsine da Basakkwace da Bamaraɗe za su fahimta iri ɗaya, a rubuce da boko da ajami, a kuma faɗe su da baki. Saƙon da ya ce ruwa zai kai gwiwa, ko ƙugu, ko ya shafe kan mutum, ya fi wanda ya ambaci santimita amfani. Haka nan tattara tarihin baka na shekarun manyan ruwaye, da sunayen unguwanni da fadamu, zai samar da taswirar haɗari da babu na'urar da za ta bayar da ita.

7.4 Haɗin Kai a Kan Gulbi Ɗaya

Tun da gulbin ya ratsa jihohi huɗu da ƙasashe biyu, dole labarinsa ya riƙa ratsa su. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, ciki har da Gada da Gulbin Maraɗi. Abin da ya rage shi ne a mayar da irin wannan takarda ta zama kiran waya tsakanin Jibiya da Madarunfa a daren da ruwa ya taso, da sanarwar kwanaki kafin a buɗe ƙofar kowace madatsa.

8.0 Matsalar Tsaro

Duk abin da aka zayyana a sama yana buƙatar mutum ya iya zuwa gonarsa. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba, kuma harin da aka kai Yargoje a watan Yuni 2024, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya zo ne a farkon damina, daidai lokacin shuka. Manomin da ke noma yana waiwaye ba zai jera duwatsu ko ya reni itacen da sai bayan shekara biyar zai amfane shi ba. Malamin gona da ma'aikacin auna ruwa ba sa shiga inda ba su da tabbacin fitowa. Waɗanda suka gudo cikin gari kuma sukan sauka ne a kangaye da gefen kwari, wuraren da 'yan gari suka ƙi. Ta haka rashin tsaro ke ƙara ruwan da ke gangarowa, ya kuma ƙara yawan mutanen da ke kan hanyarsa. Saboda haka maido da zaman lafiya a kudancin Katsina yana cikin aikin rigakafin ambaliya, har ga mutanen Goronyo da Argungu.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi ruwa daga gangaren Yargoje zuwa fadamar Rima, ta nuna cewa yawan ruwan sama kashi ɗaya ne kawai na abin da ke haifar da ambaliya. Sauran sun haɗa da ƙasar da ta koma faƙo, da gulbin da yashi ya cike, da madatsar da ba a gyara ba, da gidan da aka gina a kwari, da gargaɗin da bai iso ba. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ba ta da iko a kan hadari, amma tana da iko a kan waɗannan biyar, kuma mafi yawansu sun fi kayan agajin da ake rabawa kowace shekara arha. Ana ba da shawarar hukumomi su karkata wani kaso na kuɗin agaji zuwa gonakin saman gulbi, masarautu su hana cinikin fili a hanyar ruwa, sassan nazarin Hausa na jami'o'in Katsina da Dutsinma da Sakkwato kuma su ɗauki nauyin tattara kalmomi da sunayen wurare da tarihin ruwayen wannan ƙwarya, tun dattawan da suka riƙe su suna raye.